Ƙwayar Hana Barci da Agogon da ke Cikin Kanmu

  

Yau ina so ne mu ɗago wata magana da kowa ya san da ita amma ba a cika son furta ta a gaban manya ba, wato maganar ƙwayoyin da yaranmu ke haɗiya don su kori barci su yi aiki. Ba wa'azi zan yi ba, domin malamai sun yi, kuma sun fi ni iyawa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hujjar da mai sha ke kawowa. In ka tsare direba ko ɗan dako ko mai gadi ka tambaye shi, da wuya ya ce maka nishaɗi yake nema. Cewa zai yi, "Alhaji, ba lokaci." Shi a ganinsa lokaci ƙwayar take saya masa. Ni kuwa ra'ayina shi ne ba ta ƙara masa ko minti guda. Agogon da ke cikin kansa kawai take jagulawa, na duniya yana nan yadda yake. Kuma wannan "ba lokaci" ɗin, in ka bi diddigi, galibi wani ne ya ɗora masa.

Duk wanda ya san Kasuwar Oil Mill da ke Rumukwurushi, a kan titin Aba, ya san ranar Laraba take ci. Wanda kayansa suka sauka da asuba shi ne da ciniki, wanda nasa suka iso bayan azahar sai dai ya karyar. To, kayan gwari kuma daga ina suke? Tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, daga Kano zuwa nan tafiyar sama da kilomita 1,000 ce. Ko a bi ta Lakwaja ko a bi ta Lafiya da Makurɗi, a faɗo Obollo Afor, a wuce 9th Mile, a gangaro Inugu, sannan a kamo hanyar Aba. Ga shingaye ba iyaka, ga ramuka, ga wuraren da ba a isa a tsaya da dare ba. A ƙara da zaman gida na ranar Litinin da aka fara a jihohin Ibo a watan Agustan 2021, wanda ya ɗauki shekaru yana cinye wa direbobi yini guda cur a mako. Tumatir kuwa ba ya jin uzuri, yana cikin kwando yana narkewa. A cikin wannan matsi ne ake miƙa wa mutum ɗaya sitiyari, a ce masa Laraba da asuba.

Bari mu ɗan shiga cikin ƙwaƙwalwa, mai karatu ya yi haƙuri da ni.

Allah bai halicci mutum da wata gaɓa ta jin lokaci ba, kamar yadda ido yake na gani kunne na ji. Ƙwaƙwalwa ce ke ƙiyasta shi, kuma ƙiyasin nan yana iya yin sauri ko nawa. Tun a 1933 wani masani ɗan Amurka mai suna Hudson Hoagland ya lura da haka a cikin gidansa. Matarsa na fama da zazzaɓi, ya fita na ɗan lokaci, da ya dawo ta ce ya daɗe. Sai ya sa ta riƙa ƙirga sakan 60 a ranta shi kuma yana duba agogo. Ya ga duk lokacin da zafin jikinta ya ƙaru, sai ta gama ƙirgar da wuri. Wato agogon cikinta ya yi gudu, don haka na bango ya zama mai nawa a wurinta. Wanda ya taɓa kwana da maleriya yana jiran gari ya waye ya san wannan ba sai an faɗa masa ba.

Daga baya masana suka gano cewa cikin sinadaran da ke da hannu a wannan ƙiyasi akwai wanda ake kira dofamin, wanda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi. Shi ne mai sa mutum ya ji abu ya cancanci a tashi a nema. Magunguna masu zaburarwa kuwa a nan suke aiki. Amfetamin da ƙanwarsa metamfetamin suna tilasta wa jijiyoyi su zubo da dofamin da wani sinadarin mai suna noradirenalin fiye da ƙima. Metilfenidet, wanda aka fi sani da Ritalin, shi toshe hanyar kwashe su yake yi, sai su taru.

A 1981, a Jami'ar Brown ta Amurka, wasu masana suka horar da ɓeraye cewa in an kunna musu alama, abinci zai fito bayan wani ƙayyadadden lokaci, a ce sakan 40, muddin suka danna wani ɗan ƙarfe. Ɓerayen suka ƙware, suna tsananta dannawa daidai lokacin. Da aka yi musu allurar metamfetamin, sai suka riƙa tsananta dannawar da wuri, da kimanin kashi 10 cikin 100. A wurinsu lokacin ya riga ya cika, alhali bai cika ba. Wani masanin, Warren Meck, ya ci gaba da wannan aiki daga 1983, ya nuna cewa maganin da ke toshe dofamin akasin haka yake yi, sai su makara. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a aikinsa shi ne wannan: in aka ci gaba da ba ɓeran ƙwayar kullum, a hankali yakan saba da sabon agogon, ya dawo yana dannawa daidai. Ranar da aka janye ta kuma, sai ya karkace zuwa ɗaya ɓangaren, ya riƙa makara. Ashe ko ɓera, in ya daɗe a kai, sai da ƙwayar yake iya sanin lokaci daidai.

Ba na so in yi wa mai karatu kwaskwarimar magana, abin bai kai haka sauƙi ba. A 2016 wasu masana a cibiyar Champalimaud da ke Lisbon ta ƙasar Fotugal sun zaburar da jijiyoyin dofamin na ɓeraye kai tsaye, sai suka ga akasin haka, ɓerayen suna ganin lokacin da ya wuce bai kai yadda yake ba. Har yanzu ana muhawara a kan yadda za a daidaita waɗannan sakamako biyu. Inda babu saɓani shi ne, in ka taɓa dofamin ka taɓa ƙiyasin lokaci. Ko gaba ya yi ko baya, agogon da ba ya daidai ba a tuƙa tirela da shi.

Ni ga yadda nake fassara abin a kan hanyarmu. Mutumin da agogon cikinsa ke gudu, duniya ce ke masa nawa. Motar da ke gabansa rarrafe take, mai ba da canji a kasuwa wasa yake masa da hankali, minti biyar a shinge kamar rabin awa. Daga nan ne gajen haƙuri ke fitowa, da faɗan da ba shi da tushe, wanda mu baƙi a ƙasar mutane mun fi kowa sanin inda yake iya kaiwa. A kan titi kuwa, wuce mota hukunci ne na sakan uku ko huɗu. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowane sakan. In wata na tahowa da irin wannan gudu, tazarar da ke tsakaninsu na raguwa da mita 44 duk sakan. Kuskuren sakan ɗaya a irin gangaren Ugwu Onyeama ba a gyara shi.

Wani zai ce, to ai masu sha cewa suke dare na wuce musu kamar ƙiftawar ido, ya aka yi kuma ka ce duniya na musu nawa? Duka biyun gaskiya ne. Ƙiyasin sakanni daban, lura da wucewar awoyi daban. Mutum yana sanin awoyi sun ja ne ta hanyar gajiya da yunwa da gundura, su ne ke taɓa shi a kafaɗa su ce duba agogo. Ƙwayar kuwa waɗannan ukun take fara kashewa. Shi ya sa za ka ga mai shan ƙanƙarar nan ya zauna yana kwance rediyo yana ɗaurawa tun isha'i har a kira assalatu, shi a ransa yanzu ya fara.

Na ambaci ƙanƙara, to bari in rarrabe, domin mukan haɗa komai mu kira shi ƙwaya, kuma wannan haɗawar na cutar da mu.

Goro da shayi da Nescafe, har da garin Alabukun da wasu ke kaɗawa, abin da ke zaburarwa a cikinsu kafeyin ne. Tun da mutum ya farka wani sinadari mai suna adenosin ke taruwa a ƙwaƙwalwarsa, shi ne nauyin idon da ake ji da dare. Kafeyin zama yake a gurbin da adenosin ke sauka, ya hana ƙwaƙwalwa jin saƙon. Bai kwashe shi ba, yana nan yana ƙaruwa a bayan ƙofa, kuma bayan kamar awa biyar rabin kafeyin ɗin ya bar jini. Ni ba ni da faɗa da goro. Kakanninmu sun yi fataucinsa har Gwanja, kuma wani bincike da aka buga a 2013 kan direbobin manyan motoci a Ostireliya ya nuna waɗanda ke shan kafeyin don kore gyangyaɗi sun fi sauran tsira daga haɗari. Sai dai goro jinkirta barci yake na 'yan awoyi, ba ya biyan bashinsa.

Tramol shi ne ya fi yawa a hannun yaranmu, kuma asalinsa ba ma cikin masu zaburarwa yake ba. Maganin ciwo ne, dangin su kodin. Amma yana ɗaga noradirenalin da wani sinadarin, shi ya sa ɗan dako ke jin ƙarfi ya zo masa kuma bayansa ya daina ciwo. Wanda hukuma ta amince da shi mai miligiram 50 ne da 100, amma wanda ake fasa-ƙwaurinsa yakan kai 200 ko 225. A irin wannan adadi yana jawo farfaɗiya. A yi tunanin wannan a kan sitiyari. Binciken da gwamnati ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya, miliyan 4.6 daga ciki dangin tramol da kodin. Mutanenmu na Anacha kuwa ganau ne: NAFDAC ta rufe kasuwar magani ta Bridge Head a 2007 zamanin Dora Akunyili, ta sake rufe ta a Fabrairun 2025.

Sai ƙanƙara, wato metamfetamin, wadda maƙwabtanmu Ibo ke kira mkpuru mmiri. Ita ce ta ɓerayen can. NDLEA ta fara gano wurin dafa ta a Legas a 2011, a 2016 kuma ta kama wani babba a Asaba, tsallaken gada kawai, har da 'yan ƙasar Meziko huɗu. A 2021 abin ya kai garuruwan Ibo da dama sun riƙa ɗaure masu sha suna bulala. Muna zaune da su unguwa ɗaya, tasha ɗaya, kasuwa ɗaya. Wanda ya ɗauka wannan matsalar su ce su kaɗai, bai zaga bayan tasha da dare ba.

Tunanin cewa ƙwaya za ta mayar da dare rana ba a tasharmu aka fara shi ba. A 1940 sojojin Jamus sun shiga Faransa da miliyoyin ƙwayoyin Pervitin a aljihu, wanda metamfetamin ne zalla, suna tafiya kwana da kwanaki ba barci. Kafin shekara ta 1941 ta ƙare hukumominsu sun sa shi cikin magungunan da aka taƙaita, saboda sun ga yadda sojan da ya sha yake zubewa daga baya, da yadda yake kamuwa. Gwamnatin da ba ta san darajar rai ba ma ta ga abin da yawa.

A nan dole in yi adalci ga maganin asibiti. Akwai yara, har da manya, masu wata larura ta rashin natsuwa da kasa tsai da hankali wuri ɗaya, wadda likitoci ke kira ADHD. Mu a gida sai mu ce yaro ƙiriniya gare shi, a yi ta dukansa. Tun 1937 wani likita, Charles Bradley, ya lura amfetamin na natsar da irin waɗannan yara. Cikin alamomin larurar akwai rashin iya ƙiyasta lokaci: ka ce masa minti biyar, shi bai san tsawonta ba. Farfesa Katya Rubia da abokan aikinta a Landan sun nuna a 2009, ta hanyar hoton ƙwaƙwalwa, cewa Ritalin na daidaita aikin sassan da ke wannan ƙiyasi a wurin irin yaran nan. Don haka in likita ya rubuta wa ɗanka, kada wani ya tsorata ka cewa an mai da shi ɗan ƙwaya. Agogon da ke karkace ake gyarawa, da awo, da sa ido. Mai lafiyayyen agogo da ya je ya saya a bayan tasha, nasa yake karkatarwa.

Kuma ko aikin da ake sha dominsa, shin yana kyau? A 2023 masana daga jami'o'in Melbon da Kambirij sun gwada mutum 40 lafiyayyu da wani lissafi da duk ɗan kamasho zai gane: ga kaya iri-iri, kowanne da nauyinsa da darajarsa, ga jakar da ba ta ɗaukar fiye da kaza, zaɓi lodin da ya fi riba. Ran da aka ba su Ritalin ko ɗaya daga magunguna biyu makamantansa, sun fi daɗewa a kai, sun fi yawan sauke wannan ɗora wancan, amma ingancin ƙoƙarin nasu ya ragu. Waɗanda suka fi iyawa ba tare da magani ba su ne suka fi faɗuwa. Hausawa dai sun ce sauri ya haifi nawa. Sannan a Disamban 2025 wani binciken daga Jami'ar Washington da ke Sent Luwis, wanda ya duba hoton ƙwaƙwalwar yara kusan 5,800, ya nuna magungunan nan sun fi taɓa sassan farkawa da na jin lada, ba sassan mai da hankali ba kamar yadda aka daɗe ana zato. Har ma suna shafe alamar rashin barci daga hoton. Masu binciken da kansu suka ja kunne cewa ɓoye alamar ba ya nufin jiki ya samu barcin.

Wannan shi ne ainihin haɗarin. An auna cewa mutumin da ya yi awa 17 zuwa 19 ido biyu, saurin hannunsa da hukuncinsa sun yi daidai da na wanda ya ɗan sha giya. Direbanmu da ko kwalbar giya ba zai taɓa ba, yana isa Lakwaja ya riga ya kai wannan matsayi, kuma tafiya ko rabi ba ta yi nisa da wucewa ba. Ƙwaƙwalwar da ta gaji takan ɗauke na sakan uku ko huɗu ido a buɗe, mai ita bai sani ba. Sakan huɗu kusan mita 90 ne ba direba a motar. Ƙwayar ta cire masa jin gajiyar da zai sa ya faka, ta bar masa gajiyar.

To wa za a kama? Mun saba kama yaron. A zage shi, a ce ɗan ƙwaya, in ya haukace a haɗa kuɗin mota a tura shi gida wajen uwarsa. Ba na wanke shi, da hannunsa ya kai baki. Amma mai kayan da ke buga waya duk bayan awa ɗaya yana cewa ina kuke, kuma ya yi alkawarin ƙarin kuɗi in an iso kafin asuba, ya san abin da yake saya. Mai motar da ya ƙi biyan direba na biyu ya bar mutum ɗaya da ƙaramin yaron mota, ya sani. Mai gidan da ya ɗauki ɗan ci-rani gadin dare a albashin da dole sai ya fita tura baro ko gyaran takalmi da rana, shi ma ya sani. Yaushe aka ware wa wannan bawan Allah lokacin barci? Ba a ware ba. An bar wa mai kemis ya cike gurbin.

A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta hana direban babbar mota wuce awa 9 yana tuƙi a yini, sai ɗan ƙarin da aka yi wa iyaka, kuma dole ya huta minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi. Na san za a ce nan ba Turai ba ce, kuma ban ce mu jira Abuja ba. Muna da abin da ya fi doka saurin aiki a tsakaninmu. Muna da sarakunan Hausawa a kowane gari, muna da shugabannin 'yan gwari da na 'yan shanu daga Lokpanta har Ugwuoba, muna da ƙungiyar direbobi. A 2021 ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta tsayar da lodi zuwa kudu na kwanaki, kowa ya ji a jikinsa. Waɗanda suka iya wannan ba za su kasa cewa motar gwari ba ta tashi zuwa Fatakwal sai da direba biyu ba. Kuɗin na biyun a raba shi a kan kwanduna. Za a yi ƙorafi, na sani, amma a kwatanta shi da asarar lodi guda da ya kife a hanya, ban da rai.

Haka kuma a daina ladan "iso da wuri", a mai da shi ladan iso da kaya lafiya. A samar da rumfa mai tsaro a wurin sauke kaya inda direba zai miƙe bayansa kafin ya juya, maimakon a ɗora masa manja ko katako nan take. Ga wanda gyangyaɗi ya kama a hanya kuma, masana a Jami'ar Lafbara ta Ingila sun gwada a shekarun 1990 suka ga abin da ya fi aiki shi ne ya tsaya inda ke da aminci, ya sha kofi mai ƙarfi, ya rufe ido na kamar minti 15 kafin kofin ya fara aiki. Dabarar kai wa garin gaba ce kawai, a can sai a kwanta.

Wanda kuma ya riga ya kamu, a daina ɗaure shi a ɗaki ko a jefa shi motar gida a ɓoye. Mai shan tramol da yawa in ya yanke rana ɗaya yakan sha wuya ƙwarai, mai ƙanƙara kuma yakan faɗa baƙin ciki mai tsanani, kwanaki su yi masa tsawo kamar ba za su ƙare ba, a nan ne mafi yawa ke komawa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Inugu, akwai na jiha a Rumuigbo nan Fatakwal, in kuma gida za a kai shi akwai na Dawanau a Kano. Wani babba daga cikinmu ya raka shi, ya yi masa tafinta, domin da yawan yaran nan ba za su iya faɗa wa likita da Turanci abin da suke sha da adadinsa ba.